Daga Clifford zuwa Ali Kazaure: sunan gari ba takardar kora ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake kallon sunayen garuruwa da wasunmu ke ɗauke da su a ƙarshen suna. A nan Jos abin ya kai ga wasu samarinmu suna zuwa kotu su yi takardar rantsuwa, su cire Kazaure ko Dambatta ko Gumel daga sunansu, saboda suna ganin ya zame musu alaƙaƙai wajen neman makaranta da aiki. Wasu kuma da zarar sun ga sunan gari a jikin takardar mutum, shi ke nan sun yanke hukunci: baƙo ne, ga ma shaida nan a rubuce. A ganina duka ɓangarorin biyu ba su san yadda irin wannan suna yake samuwa ba. Zan bi da mai karatu ta Ingila tukuna, domin a can an rubuta tarihin irin waɗannan sunaye tun da daɗewa, kuma abin da ya faru da su shi ne yake faruwa da mu yanzu.

Ni tsohon malamin sakandare ne, darasin gwamnati da tarihi na koyar har na yi ritaya. Duk wanda ya zauna a irin wannan aji ya haddace jerin nan na tsarin mulkin zamanin Turawa: Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954. Na farkonsu, Sir Hugh Clifford, shi ne gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925. A tsarin mulkinsa ne aka fara zaɓen wakilan majalisar dokoki a ƙasar nan, kujeru huɗu kacal, uku na Legas, ɗaya ta Kalaba, Arewa kuwa majalisar ba ta shafe ta ba, gwamna ne ke yi mata doka da kansa. Shi ne kuma ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, makarantar da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Yara suna rubuta sunan wannan mutumin a jarrabawa shekara da shekaru, amma da wuya ka sami wanda ya san cewa Clifford sunan ƙauye ne, kamar yadda Shagari da Rimi suke sunayen ƙauyuka.

Ƙauyen yana nan har gobe a yankin Herefordshire, yammacin Ingila, dab da iyakar Wales, a bakin kogin Wye. Mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Sunan nasa bayanin wurin ne kawai, mashigin ruwa kusa da gangaren dutse, irin yadda mu ma muke cewa Bakin Kogi ko Gindin Dutse. Bayan da Normawa suka ƙetaro daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, sai suka gina ganuwa a wannan wuri don tsaron iyaka. A ƙarni na 12 ganuwar ta faɗa hannun wani basarake mai suna Walter. Da farko ana kiransa Walter ɗan Richard, da sunan ubansa, daga baya ya koma Walter na Clifford. 'Ya'yansa da jikokinsa suka gaji sunan, a hankali ɗan harafin nan "de" mai nufin "na" ya faɗi, aka bar Clifford zalla. Abin lura a nan, zuriyar Walter ba 'yan asalin ƙauyen ba ne ma. Normawa ne da suka zo daga ƙetare.

Kafin zuwan Normawa, Baturen Ingila suna ɗaya yake da shi, in ya so a ƙara masa laƙabi wanda zai mutu tare da shi. Sarakuna da masu ƙasa ne suka fara gadar da suna, domin suna da abin da za su gadar. A babban kundin ƙidayar gonaki da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086 an riga an fara ganin irin waɗannan sunaye. Talakawa sun biyo baya sannu a hankali, kuma abin da ya matsa musu shi ne ƙarancin sunayen yanka. Maza da yawa John ne ko William ko Robert ko Richard ko Thomas, kamar yadda za ka shiga aji a Arewa ka tarar da Muhammadu da Abubakar da Ibrahim sun cika shi. Mai karɓar haraji kuwa dole ya bambance wanda ya biya da wanda bai biya ba. A 1377 aka ɗora harajin kai na kwabo huɗu a kan duk wanda ya wuce shekara 14, aka sake ɗora wani a 1379 da 1381, kuma takardun wannan haraji suna cikin manyan abubuwan da masu binciken sunaye ke dogara da su har yau. Zuwa wajen 1400 yawancin gidaje a kudanci da tsakiyar Ingila sun sami sunan gado. Wani ya samu daga ubansa, kamar Richards. Wani daga sana'a, kamar Smith, wato maƙeri, wanda shi ne suna mafi yawa a ƙasar. Wani daga kamanninsa. Wani kuma daga wuri.

To ga inda nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Basarake irin Walter yana ɗaukar sunan wuri ne domin ya mallake shi. Amma talaka fa? Ba wanda zai kira mutum "John na Clifford" alhali yana zaune cikin Clifford, tunda kowa a ƙauyen na Clifford ne, sunan ba zai bambance shi da kowa ba. Sai ya tashi ya koma wani gari neman abinci, sannan sababbin maƙwabtansa za su laƙaba masa sunan inda ya baro. Wato sunan wuri shaida ce cewa kakan mutum ya bar wannan wuri ya zauna a wani. Mutanen sabon garin ne suke raɗa shi, kuma ba su raɗa shi sai ga wanda ya zauna cikinsu har suka buƙaci abin da za su riƙa kiransa da shi. Shi ya sa ma za ka ga ƙananan ƙauyuka sun fi manyan birane haifar da sunaye. London a matsayin sunan mutum ba shi da yawa, domin jama'a shiga birnin suke yi, ba fita ba. Amma Sutton da Norton da Weston, waɗanda ba su wuce gonar kudu da gonar arewa da gonar yamma ba, sun cika ƙasar. Lyttelton ɗin nan na 1954 ma daga wani ƙauye ne mai suna Littleton a yankin Worcestershire.

Zuriyar Walter ba su daɗe suna jingine da ƙauyen da ya ba su suna ba. A 1310 wani jikansu, Robert, ya sami ganuwar Skipton can arewa a Yorkshire, ya mutu a yaƙin Bannockburn da mutanen Sukotland a 1314. A 1525 aka ba gidan sarautar Cumberland, a ƙuryar arewa maso yamma. Wani reshe ya gangara kudu maso yamma zuwa Devon, aka ba shi sarautar Chudleigh a 1672, kuma daga wannan reshe ne gwamnanmu ya fito. An haife shi a Landan a 1866, ya yi ƙuruciyarsa ta aiki a Malaya, ya yi gwamna a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, kafin a kawo shi nan, daga nan kuma aka kai shi Silon, wato Sri Lanka ta yau. Tsakaninsa da Walter akwai wajen shekara 700. A duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa cewa Clifford na Yorkshire ko na Devon ya tattara ya koma bakin kogin Wye ba, don wai sunansa ya nuna can ne gidansu.

Kuma ba duk Clifford ba ne jinin Walter. Akwai wani ƙauyen Clifford a Yorkshire, akwai wani kusa da Stratford, kowanne zai iya ba wa wanda ya baro shi suna. A Ayilan, musamman yankin Kerry, akwai Clifford da yawa waɗanda ba su da alaƙa da ko ɗaya daga cikin ƙauyukan nan: sunansu ne na harshensu aka lanƙwasa shi ya dace da bakin Turawan Ingila. Daga nan hijira ta kwashi sunan zuwa Amurka da Kanada da Ostareliya, har ya zama sunan yanka. Mu nan Jos mun zauna da 'yan'uwanmu Kiristoci masu suna Clifford, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsu labarin Herefordshire.

Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne Washington. Shi ma ƙauye ne a arewa maso gabashin Ingila. A ƙarshen ƙarni na 12 wani mutum da ake kira da sunan wani gari daban ya sami gonakin wurin, ya sauya suna ya ɗauki na sabon mazauninsa. A tsakiyar ƙarni na 17 wani daga zuriyarsa ya ƙetare teku zuwa Virginia, a gidansa aka sami shugaban Amurka na farko, aka kuma sa wa babban birnin ƙasar sunansa. Da aka soke bauta a 1865, bayi da yawa da suka sami 'yanci suka zaɓi wannan suna da kansu. A ƙidayar Amurka ta 2000 an sami mutum sama da 160,000 masu suna Washington, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 baƙar fata ne. Wanda zai ɗauki suna ya ce da shi kaɗai zai gane asalin mutum, to ya gaya mana me ya haɗa waɗannan bayin Allah da wani ƙauye a arewacin Ingila.

Kada wani ya ce wannan al'adar Nasara ce. Mu Musulmi mun riga su. Imam Buhari sunansa Muhammadu ɗan Isma'ila, Buhara kuwa birni ne a Uzbekistan ta yau. Tirmizi daga Tirmiz, Ƙurɗubi daga Ƙurɗuba ta Andalus, Suyuɗi daga Asyuɗ ta Masar. Cikin sahabbai akwai Salmanul Farisi, wanda aka san shi da sunan ƙasar da ya baro, kuma hakan bai rage masa matsayi a Madina ba ko kaɗan. Yau ga Buhari nan ya zama sunan yanka a kowace unguwa, har ɗan Daura ya mulki Najeriya da shi.

Bahaushe ma tun fil azal yana da nasa: Bakano, Bakatsine, Bazazzagi, Bagobiri, Bahaɗeje. Fatake da suka zauna a zangon Kumasi ko Sabon Ibadan da irin waɗannan sunaye aka san su. Abin da ya mayar da shi sunan takarda shi ne makarantar boko da aikin soja da rajistar lebura. An tara yara daga lardi-lardi a makarantar kwana, sunayen yankansu iri ɗaya, ga kuma kunyar da ke hana yaro ya riƙa furta sunan mahaifinsa gatsau a bainar jama'a. Mafi sauƙi sai a rubuta garinsu. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake kiransa a Kwalejin Katsina. Haka muka sami Aminu Kano da Isa Kaita da Shehu Shagari da Abubakar Gumi da Abubakar Rimi, a wannan zamani kuma Kwankwaso da Ganduje da Tambuwal da Wamakko. A jihar nan tamu ma ga Ahmed Idris Wase da ya yi mataimakin kakakin majalisar wakilai. Kura da Ungogo da Bichi ƙananan garuruwa ne, amma ka duba yawan mutanen da ke amsa su. Abin da ya ɗauki Ingila wajen shekara 300 yana kafuwa, mu cikin ƙarni guda muka yi shi, shi ya sa har yanzu ba mu gama sabawa da shi ba.

Ni sunan da nake ɗauke da shi Ringim. Kakana ya baro can yana saurayi, ya zo haƙar kuza tun kafin yaƙin duniya na biyu, wato kafin zamanin ɗiban gwamna na 1942 zuwa 1944 lokacin da aka riƙa kwaso mutane da ƙarfi daga larduna ana kawo su ramukan kuza, sanyin dutsen nan ya kashe da yawa daga cikinsu. Shi da ƙafarsa ya zo. Ya yi lebura a wajen Bisichi, yana ɗaukar ƙasa da kwanon sarki. Abin da ya gaya wa mahaifina shi ne, a ƙarƙashin helumansu, wato shugabansu na lebura, masu suna Musa sun yi yawa, ranar biya kuma akawu yana kiran suna ne daga littafi, sai aka raba su: wannan Musa Dogo, wancan Musa Bauchi, shi kuma Musa Ringim. Da ƙarfinsa ya ragu ya dawo cikin gari ya zauna a Gangare yana sayar da hatsi. Nan ya yi aure, nan ya haifi mahaifina, nan aka binne shi. Mahaifina da aka kai shi makaranta aka tambayi sunan uba, aka rubuta yadda kowa ya san shi. Ni na gada, 'ya'yana suka gada, ga jikokina suna rubuta shi a littafin makaranta. A Ringim babu wanda ya taɓa kiran kakana Musa Ringim. Jos ce ta raɗa masa wannan suna.

Duk wanda ya taɓa jefa ƙuri'a a Jos ta Arewa ya san mazaɓar Ali Kazaure da mazaɓar Ibrahim Katsina. Mutane ne da suka zo da sunan garuruwansu, suka zauna, suka yi suna, har aka wayi gari unguwanni ne ke amsa sunansu. Yanzu in ka ce wa mai Keke Napep ya kai ka Ali Kazaure, ba zai nufi hanyar Jigawa da kai ba. Haka Fatakwal take. Harcourt gari ne a Nomandi ta Faransa, ya zama sunan wani gida a Ingila, a 1913 Gwamna Lugga ya sa wa sabuwar tashar jiragen ruwa sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na lokacin, yau kuma babban birnin jihar Ribas ne. Suna yana tashi daga wuri ya hau mutum, ya sauka daga mutum ya koma wuri, kuma kowane zango da ya yada na gaskiya ne.

Yanzu bari in taɓa inda ke da ciwo, kuma ina roƙon a karanta da kyakkyawar zuciya. Ban rubuto wannan wasiƙa don in yi jayayya da Birom ko Anaguta ko Afizere kan tarihinsu ba. Kakanninsu suna kan wannan dutse kafin Bature ya san akwai kuza a cikinsa, gonakinsu ne kamfanoni suka farfashe suka bar musu tafkuna masu cin rai, kuma wannan zalunci ne da ba a gama biyan su ba. Na koyar da 'ya'yansu, na zauna ɗakin malamai ɗaya da su, wasunsu sun zo sunan 'ya'yana, ni ma na je jana'izar iyayensu. Mun ga abin da ya faru a garin nan a 2001 da 2008 da 2010, babu mai hankalin da zai so a koma can. Maganar wane ne ɗan asali da wane ne ba shi ba magana ce babba, tana buƙatar dattawa da 'yan majalisa su zauna. Tsarin mulkin 1999 ya ce a sashe na 41 ɗan ƙasa yana da 'yancin zama ko'ina, a sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito, sannan a sashe na 147 ya ce kowace jiha a naɗa mata minista ɗan asalinta, ba tare da ya fayyace zaman shekara nawa ko kaka nawa ke mayar da mutum ɗan asali ba. Wannan giɓi shi ne ya bar mu muna ta cacar baki. Abin da nake cewa ƙarami ne a kan wannan: kome za a yanke, kada a yanke shi da kallon ƙarshen sunan mutum. Sunan ba ya faɗin inda aka haife shi, ba ya faɗin inda yake biyan haraji, ba ya faɗin inda kabarin ubansa yake.

Ɗana na biyu ya taɓa shiga wannan tsaka mai wuya lokacin da yake neman wata takarda. A wani ofis a nan aka dubi sunansa aka ce ya tafi garinsu. Ya hau mota ya tafi. A can aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi ruwa, sannan aka tambaye shi gidan wa, wace unguwa, wane mai unguwa ne zai shaide shi. Ya faɗi sunan kakan mahaifinsa, dattawan da za su iya tunawa da shi duk sun riga mu gidan gaskiya. Hausarsa ma da suka ji suka ce ai wannan ɗan Jos ne. Kuma gaskiya suka faɗa. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaron ya dawo yana tambayata, "Baba, to mu 'yan ina ne?" Na ce masa shi ɗan Jos ne jikan mutumin Ringim, kuma babu ɗayan biyun da zai ji kunyarsa. Amma na san amsata ba ta cike masa fom ba. Yara irinsa suna da yawa a Dilimi da Unguwar Rogo da Bukuru da Barikin Ladi, kamar yadda na tabbata akwai 'ya'yan mutanen Filato da aka haifa a Sabon Garin Kano ko Kaduna da ke fama da irin wannan ta ɗaya gefen.

Duk da haka ina roƙon samarinmu su daina goge sunayen nan. Na san abin da ke tura su, ba na kuma zarginsu. Amma wanda ya yi niyyar hana ka abu ba zai fasa ba don ka cire kalma ɗaya, zai nemo wata hujjar. Kai kuwa ka jawo wa kanka wahala: takardar firamare da suna ɗaya, ta sakandare da wani, katin ɗan ƙasa da na banki ba su dace ba, ranar da za a biya ka haƙƙinka ko a raba gado sai ka yi ta yawon kotu kana rantsuwa cewa kai ne kai. Abin da ya fi wannan ma, ga yawancinmu wannan kalma ita kaɗai ce ta rage daga tarihin gidanmu. Kakanninmu ba su bar mana littafi ba, ba su bar hoto ba. Wanda ya goge Gumel daga sunansa, jikansa ba zai san ta inda zai fara neman danginsa ba, zumunci kuma ya yanke ke nan.

Akwai kuma malamai da na ji suna cewa tunda Alƙur'ani ya yi umarni a kira mutane da sunan ubanninsu, to sunan gari bai dace ba. Ina girmama su, kuma ni ba malamin addini ba ne. Amma abin da na sani shi ne magabata sun haɗa biyun, sunan uba da nasabar gari, ba su ga saɓani ba. Mu ma abin da ya kamata mu yi ke nan: sunan yaro, sunan mahaifinsa, sannan garin in gidan yana da shi. Allah da kansa ya ce ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu ne domin mu san juna, kuma sunan gari ɗaya ne daga cikin hanyoyin wannan sani.

Abin da ya sa na iya ba da labarin Clifford daki-daki har zuwa ƙarni na 12 shi ne su sun rubuta. Tun 1538 aka umarci kowace majami'a a Ingila ta riƙa ajiye littafin wankan baftisma da aure da binnewa, ga takardun haraji, ga na ƙidaya, har masana suna ɗaukar ƙidayar 1881 su zana taswirar inda kowane suna ya fi yawa. Mu kuwa ko labarin mutanen da aka sa wa mazaɓunmu sunansu, yaro nawa ne a Jos zai iya ba ka shi? Dattawan da suka ga zamanin kuza da idonsu saura ƙalilan. Akwai takardun lardin Filato a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, akwai Gidan Arewa, akwai gidan tarihin Jos da aka buɗe tun 1952, ga sashen tarihi a jami'ar garin nan. Ɗalibai suna neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi nan a ƙofar gidansu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon jaridarka ta ware ɗan fili, ko da sau ɗaya a wata ne, inda masu karatu za su riƙa aiko da tarihin sunan gidansu: wa ya fara amsa shi, a wane gari aka laƙaba masa, wace sana'a ce ta kai shi can. Kada a taƙaita shi ga Hausawa. Mai suna Pam ko Gyang ko Azi ya rubuto ya gaya mana yadda nasu yake, Bayarabe da Ibo da aka haifa a Nasarawa Gwom ko Apata su ma su rubuto. In an buɗe filin, ni zan fara aiko da na Musa Ringim cikakke, tare da abin da na ji daga bakin tsofaffin unguwarmu game da sauran waɗanda suka yi lebura tare da shi.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Gangare, Jos.